Injiniya da Hannun Babansa

Wai ni kuke tambaya wanne ya fi ga ɗan koyo, wasan da ake buɗewa a burauza ko wanda kuke kira tiridi? Ku da kuka cinye takardu? Ni da ko sunana ban iya rubutawa ba? Tambayar ma ta raini ce. To ku gyara zama. Kai kuma ajiye wayar nan kafin in ajiye maka ita. Ban yi boko ba, amma idona na gani, kunnena na ji.

Akwai wani saurayi da mutanen gidansu ke kira Injiniya. Ba wani injiniyanci da ya karanta. Tun yana ƙarami yake kwance rediyon gida ya kasa mayarwa, sunan ya bi shi. Da ya girma sai ya koma kan kwamfuta, ya fara koyon haɗa wasanni. Ya ɗan iya, ban ce bai iya ba. Amma ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Babansa tela ne, mai hannu. Irin telan da zai dube ka sau ɗaya ya yanka yadi, riga ta zauna maka kamar da ita aka haife ka. Wata safiya hawan jini ya kayar da shi a kan keken ɗinki. Ɓarin dama ya shanye. Da aka yi ta magani, baki ya dawo, ƙafa ta dawo, hannu ya ce shi bai san zancen ba.

Likitar da ke motsa masa gaɓɓai ba ta ɓoye musu komai ba.

"Baba, hannun nan icce ne, tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In aka bari ya bushe a naɗe, ni kaina ba ni da abin yi. Kullum sai ya yi aiki."

Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Suna isa gida ya shure shi ƙarƙashin gado.

"Ni za a ba ƙwallo kamar jinjiri? Ku bar ni da abin da Allah Ya ɗora mini."

Babbar 'yarsa, wadda Injiniya ke kira Yaya, ta yi lallashi, ta yi kuka, ta yi faɗa. Tela ya juya fuska bango.

Injiniya ne ya ce yana da dabara. Baba yana da aboki tun na ƙuruciya, mai aski, wanda shagonsa ke jikin nasa kafin ya koma wani gari wurin 'yarsa. Waɗannan tsofaffi biyu ba su taɓa yarda ɗaya ya fi ɗaya ba, ko a tari ne.

"Yaya, zan haɗa musu wasa ta intanet. Baba ba zai matsa ƙwallo ba, amma ba zai yarda Mai Aski ya ci shi ba."

"Yaushe zai gamu?"

Nan fa ya tsaya, don hanya biyu ce a gabansa. In fassara muku yadda aka fassara mini. Na burauza a shimfiɗe yake kamar zane a takarda. A turo maka linki, ka taɓa, ya buɗe a kowace irin waya. Wannan ya iya shi, cikin 'yan kwanaki zai gama. Shi kuwa tiridi shiga cikinsa ake yi kamar gida, a juya hagu, a juya dama, a ga inuwa. Wannan bai taɓa yi ba, a bidiyo kawai ya ga ana yi.

Ya je shawara wurin abokinsa da suke kira Furofesa. Shi ma ba furofesan komai ba ne, baki ne kawai.

"Burauza? Haba Injiniya, kada ka ba mu kunya! Wannan ai aikin 'yan firamare ne. Ka yi tiridi, ka ɗora a shafinka, kamfanoni su yi ta nemanka. Baba ya warke, kai ka yi suna."

Maganar ta yi masa daɗi. Ya manta ba a tauna taura biyu. Ya dawo gida ya ce wa Yaya, "Ba da daɗewa ba."

Ya rufe kansa a ɗaki ya kama gina shagon babansa a cikin kwamfuta. Keken ɗinki da fedarsa, teburin yanka, madubin da ya tsage a gefe, har ƙusar da ake rataye tef ɗin awo. Labulen ƙofa kaɗai ya ci masa kwanaki, wai dole sai ya kaɗa in an wuce. Ya gyara labule, bango ya ɓace. Ya dawo da bango, mutumin cikin wasan ya nutse a ƙasa har wuya. Kwamfutar ta riƙa huci kamar injin niƙa.

Kwanaki suka zama makonni.

Yatsun Tela kuwa ba su jira kowa ba. Kullum suna ƙara lanƙwasawa zuwa tafin hannu. Yaya ta naɗa ƙyalle ta cusa masa a ciki don kada su rufe gaba ɗaya.

Wata rana ta banko ƙofar Injiniya ba sallama, ta kamo hannun rigarsa ta ja shi har gaban gadon Baba. Yana barci. Ta zare ƙyallen, ta ɓamɓare yatsun da ƙyar. Farce ya huda tafin hannun, wurin ya yi ja.

"Kalla da kyau," ta ce a hankali. "Inuwa kake gyarawa ko?"

"Yaya, saura kaɗan. Gobe..."

"Goben nan taka ba ta da rana? Likita ta ce ƙaramin yatsan ya fara ƙin miƙewa. In hannun nan ya mutu, kai da Allah."

Injiniya ya ji ta sarai. Amma maimakon ya sauya hanya, sai ya ƙara wuta a kan wadda ya ɗauka. Ya ga ya yi nisa, komawa baya kunya ce. Girman kai rawanin tsiya.

Ranar da ya ce ya gama, da hantsi, ya kawo kwamfutar ya ɗora a kan kujera gaban Baba. Yaya ta jingina tsohon da filo. Aka kira Mai Aski a waya, aka ce ya sauke wasan.

Shago ya bayyana. Tela ya matso da fuska.

"Kekena ne wannan?"

"Shi ne, Baba. Ka shiga ka zauna a kai. Da hannun hagu za ka danna waɗannan maɓallan ka yi tafiya, da na dama kuma ka riƙe wannan ka juya kai."

Ku ji fa. Duk tsawon lokacin nan, da lafiyayyun hannuwansa biyu yake gwada abin. Ko sau ɗaya bai tsaya ya tambayi kansa wa zai riƙe ba.

Yaya ta ɗora dunƙulallen hannun a kan abin juyawar. Hannun ya zame. Shagon ya wulwula, rufi ya koma ƙasa, ƙasa ta koma sama. Mutumin cikin wasan ya je ya manna goshi a bango yana ta tafiya a wuri ɗaya.

"Ba haka ba, Baba, a hankali. Ka ɗan ja shi dama."

Tela ya ciji leɓe ya sake gwadawa. Gumi ya keto masa. Keken yana nan a gefe, taku kaɗan, ya kasa isa. Jiri ya ɗebe shi, ya rufe ido ya dafe ƙirji, Yaya ta ruga ta kawo roba ko zai yi amai.

Ta cikin waya Mai Aski yana ta ɗaga murya: "Kai yaro, abin nan ya ce babu wuri a wayata! Jikata ta goge hotuna duk bai shiga ba. Ga ta nan ta yi zafi kamar dutsen guga!"

Tela ya ture kwamfutar da hannun hagu. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi sauƙi.

"Ka gina mini shagona don ka nuna mini ba zan iya shiga ba. Na gani. Ɗauke."

Ya juya bango. Ranar ko abinci bai karɓa ba.

Injiniya ya fita ya zauna a bakin ƙofa. Furofesa ya kira.

"Yaya aka yi? Ya burge? In juya kallon ne matsala, akwai wani bidiyo, mako biyu ka..."

Ya kashe wayar.

Ya shiga ɗaki ya buɗe buhun ƙyallayen Baba, ya zaro guntun yadi. Ya dunƙule hannunsa na dama, ya sa Yaya ta ɗaure masa shi tamau, ta bar masa babban yatsa da manuni, su ma rabi-rabi.

"Duk abin da ban iya yi da wannan hannun ba, ba zai shiga wasan ba," ya ce.

Ta dube shi. Ta ƙara jan ƙullin.

Abin da ya haɗa a 'yan kwanakin nan, in kun gan shi sai ku yi dariya. Shuɗin fili, wai yadi. Farin layi mai lanƙwasa, wai alli. Allura ɗaya da sai ka matse ta da yatsu biyu kafin ta motsa. Ka bi layi, in ka kauce ɗinki ya karkace. A sama sunaye biyu, Tela da Mai Aski, kowa da makinsa. Ba labule, ba inuwa. Ya gwada a tsohuwar wayar Yaya mai fasasshen gilashi, ya buɗe nan take.

Wannan karon bai kai wa Baba ba. Mai Aski ya tura wa linkin.

Da la'asar saƙon murya ya shigo wayar Tela. Yaya ta kunna, ta ƙure sauti.

"Tela! Ashe ɗinkin da ka yi shekaru kana yi mana kuri da shi ba komai ba ne? Yau na ɗinka hannun riga, ko gyara babu. Ka huta abinka, tsoho, zan karɓi kwastomominka."

Injiniya yana tsaye a bayan ƙofa yana saurare. In Baba bai juyo yanzu ba, ba shi da wata dabara.

Tela yana fuskantar bango, bai motsa ba. Can sai murya ta fito daga bango.

"Mutumin da ko kan jariri bai iya askewa daidai ba?"

Sai ya juyo ya dubi Yaya.

"Miƙo mini abin nan."

Yaya ta buɗe wasan a wayar ta miƙa, ya kai hannun hagu. Yaya ta ce, "Baba, Mai Aski ya ce in ka yi da hagu ba zai ƙirga ba. Ni ce shaida."

Ya harare ta. Ya riƙe wayar da hagu, ta ɗora masa na daman a kan gilashi. Yatsun suka yi ta karkarwa. Allurar ta suɓuce. Ya sake, ta suɓuce. Jijiyar wuyansa ta miƙe. A karo na ban san nawa ba, babban yatsa ya matso, manuni ya tarye shi, allura ta tafi kamar tsawon ƙwayar shinkafa.

"Karkatacce," ya ce da kansa. "Warware. A sake."

Daga ranar gidan bai ƙara zama lafiya ba. Safe da yamma saƙonni na kai da kawowa, tsofaffi biyu na zagin sana'ar juna. Injiniya kuwa kullum yana ƙara wa layin lanƙwasa kaɗan-kaɗan, yadda likita ta nuna masa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ba duka aka samu ba. Da suka koma asibiti, likita ta miƙar da yatsu uku, ta kama ƙananan biyun ta ja, ta girgiza kai. Sun bushe a naɗe. Ko da an fara da wuri za su dawo, ko ba za su dawo ba, Allah kaɗai Ya sani. Injiniya dai bai taɓa daina tambayar kansa ba.

Da suka fito ya durƙusa a gaban babansa a barandar asibitin.

"Baba, ka yafe mini. Na tsaya neman suna, hannunka na..."

Bai ƙarasa ba ya ji an kama masa kunne. An murɗe shi sosai, har sai da ya yi ƙara mutane suka waiwayo. Ya kai hannu zai ƙwace, sai ya ji wane hannu ne. Ya bar shi, hawaye na zuba yana dariya.

"Da zafi?" in ji Tela.

"Da zafi, Baba."

"Madalla. Tashi mu tafi, mai askin can ya wuce ni a maki tun safe."

Darasi: In kana ɗan koyo, fara da abin da za ka iya gamawa, wanda mai buƙata zai iya riƙewa yau. Ƙaramin aiki da ya iso a kan kari ya fi babban da ya zo bayan an gama kuka. Kafin ka tambayi wanne ya fi burgewa, tambayi wa kake yi wa, da wane hannu zai karɓa. Tiridi ba ya gudu, yana nan yana jiran ranar da ka ƙware. Ku faɗa wa duk wani mai rawar kai da kuka sani, ko Allah Ya sa ya ji.

To, kun sami amsarku. Ku tashi ku ba ni wuri. Kowa ya wanke ƙafa ya hau gado, kuma in na hango hasken waya a ƙarƙashin bargo, ni da mai ita ne.