Beguwa da Akun Mararraba

An yi wata Beguwa a can bayan dutse, cikin wani kwari mai yawan marke, tana zaune ita kaɗai kamar mayya. Ba nan ne asalinta ba. Gobarar daji ce ta tarwatsa fadamarsu wata shekara, kowa ya yi ta kansa, ita kuma gudu ya kawo ta nan. Tun daga ranar ba ta sake sa ƙawarta Barewa a ido ba, wadda suka tashi tare, kuma ita kaɗai ce dabbar da ba ta tsoron zama kusa da ita.

Beguwa tana da sana'a a hannu. Duk faɗin dajin ba wanda ya kai ta iya cire ƙaya. Sai ta zari kibiya guda daga bayanta, ta ɗan tsaga wurin, kafin ka gama cewa wayyo ta zaro ta. Sai dai akwai girman kai, kai, ba kaɗan ba. Ni dai a ganina kaɗaici ne ya ƙara mata shi, don ba ta da mai yaba mata sai ita kanta.

A mararrabar dajin kuwa akwai wata kuka, a kanta wani tsohon Aku makaho. Al'adar wurin ita ce, in damina ta kawo kai, duk mai sana'a ya je ya ajiye wa Aku kalmomin da yake so a neme shi da su, da kwatancen gidansa. Mai buƙata kuma ya zo ya faɗi abin da ke damunsa. In maganarsa ta dace da wadda aka ajiye, Aku ya ba shi suna da hanya. Aku ba ya ƙari, ba ya ragi, kuma ba ya mantuwa.

Da hadari ya fara haɗuwa, Beguwa ta gyara kibiyoyinta ta nufi mararraba. Aku ya ji motsi ya tambayi ko wace ce.

Ta ce, "Gimbiyar Fiɗa ce, Uwar Masu Sakiya, Mai Hannun Alharini. Kwarin marke, bayan dutse. Haka za ka ajiye."

Aku ya karkata kai ya ce, "Baiwar Allah, duk wannan ke kaɗai? To wane aiki kike yi, kuma mene ne sunanki na yanka?"

"Wanda ya san daraja zai gane."

"Tun da nake kan kukar nan ban taɓa jin wanda ya zo neman gimbiya ba. Mai ciwo ba ya maganar fada."

"An aiko ka ka ba ni shawara ne? Ajiye abin da aka ba ka, tsoho."

Aku ya ajiye. Gaskiyar magana kuwa, ba girman kai kaɗai ya hana ta faɗin sunanta ba. Ta san duk inda aka ce Beguwa sai an ja da baya, kuma ta gaji da ganin ana ja da baya.

Ta koma gida da murnarta. Ta kafa rumfa, ta saƙa sabuwar tabarma mai faɗi, ta tara gwaza da goruba don baƙi. Kullum da safe sai ta share hanya tas har bakin kwari, ta dawo ta zauna a gefen tabarmar, ta bar tsakiya ga wanda zai zo.

Ba wanda ya zo. Ganye in ya motsa sai ta miƙe ta gyara tsayuwa, ashe iska ce. Ta riƙa gwada yadda za ta ce sannu da zuwa, da ƙarfi, a hankali, da murmushi, har muryarta ta fara ba ta tsoro. Gwaza ya ruɓe ta zubar, ta sake tarawa. Gara ta fara cin bakin tabarmar da ba a taɓa zama a kanta ba. In ta fita shara da safe, sawunta na jiya kawai take sharewa.

Damina ta yi nisa, ƙarangiya ta fara bushewa. Ran nan haƙurinta ya ƙare, ta tashi a fusace za ta je ta ci wa Aku mutunci, don ta tabbata shi ke ɓoye ta.

A gindin kuka ta tarar da Dila, ya yi ƙiba har wuyansa na ninkewa. Dila kuwa haɗama ce ta yi masa yawa. Bai iya komai ba, amma ya riga kowa zuwa ya kwashe manyan kalmomi duka: magani, ciwo, lafiya, har da abinci da ruwa. Duk wanda Aku ya tura masa, sai ya shafa masa taɓon kududdufi, ya karɓe guzurinsa, ya sallame shi. Da bakinsa ya ba ta labarin, yana dariya.

Ya ce, "Gwaggo, ai babbar kalma ake kamawa. Wa ke da lokacin ƙananan maganganu?"

Nan take Beguwa ta juya ga Aku ta ce ita ma a sa ta a magani. Aku ya ce ba laifi, amma ta sani akwai Dila a gaba, ga Biri, ga Hankaka, ga wasu rututu a bayansu, ita ce za ta zama wutsiya. Ya ce masu tambaya sunan farko suke ji su ruga, bai taɓa ganin wanda ya tsaya ya ji na ƙarshe ba.

Beguwa ta juya baya. Faɗan da ta zo da shi ma ya bi iska. Ta kama hanyar gida, sai ta tuna rumfar nan da ba kowa a cikinta, ƙafarta ta ƙi tafiya. Ta ratse ta shige ƙarƙashin wata geza kusa da kukar ta kwanta. Ba wata dabara ce ta kai ta ba. So take kawai ta ji muryar wasu.

Ta kwana biyu a nan tana saurare, kuma abin da ta ji ya ɗaure mata kai. Zomo ya zo yana haki ya ce ƙarangiya ta maƙale a kunnen ɗansa. Gadu ya zo ya ce sartse ya karye masa a hanci. Kurege ya ce ƙayar aduwa ta soke shi a tafin hannu. Kowannensu Aku sai ya ce ba a ajiye wannan a wurinsa ba, ko magani suke nema? In sun ce e, sai ya ce Dila, gindin gawo.

Beguwa ta yi ta juya abin a ranta. Masu cewa magani kawai suna da yawa, amma wani na tari yake so, wani na sauro, wani ma bai san abin da yake so ba. Masu doguwar magana ba su kai su yawa ba, sai dai kowannensu nata ne, aikin hannunta ne, kuma ba wanda ya ajiye suna a kan maganarsu. Ta kuma lura yanzu da ciyawa ta fara bushewa, zancen ƙarangiya ya fi yawa. Fiɗa kuwa, ko gimbiya, ko da wasa ba ta ji an ambata ba.

Tana cikin wannan tunani wata yamma sai ta ji wani irin taku, uku a ƙasa, ɗaya ana jan shi. Ta leƙa. Wata barewa ce ramammiya, ƙafarta ta gaba ta shanye ta lanƙwashe. Sai da ta yi magana sannan Beguwa ta gane muryar, ashe ƙawarta ce.

Barewa ta gaida Aku da ladabi ta ce ƙara ta kawo, kamar yadda aka saba in an tura ka wuri ba ka ji daɗi ba. Ta ce farkon damina ta zo nan da ƙaya tsakanin kofato, ta tambaye shi inda Beguwa mai cire ƙaya take, ya ce ba a ajiye wannan suna ba. Aka tura ta wurin Dila ya shafa mata taɓo. Ƙafar ta kumbura, ta yi ruwa, ga yadda ta ƙare.

Beguwa ba ta san lokacin da ta fito daga cikin geza ba. Suka tsaya suna kallon juna. Barewa ba ta ja da baya ba, matsowa ma ta yi, ta sa hancinta a goshin Beguwa kamar yadda take yi suna yara.

Beguwa ta kama ƙafar ta duba, ta sake dubawa. Da a farkon damina ne, aikin ɗan lokaci ne. Yanzu kam ba abin da kibiya za ta iya. Ta gaya wa Barewa cewa ita a kwarin marke take, bayan dutse, duk tsawon lokacin nan.

Barewa ta ce, "Ai na bi ta nan da ƙafar tana kumbure. Na ga an share hanya tas, har na tsaya. Sai na tuna Dila ya ce gidan wata gimbiya ne. Na ce ina ni ina gidan gimbiya da wannan ƙafa mai wari."

Beguwa ta yi kuka, irin kukan da ba ta yi ba tun ranar gobara. Ba Dila ta fi jin haushi ba, kanta ta fi jin haushi. Da ta share hawaye sai ta matsa gindin kuka ta ɗaga kai.

Ta ce, "Malam Aku, sunana Beguwa. Ajiye mini waɗannan. Ƙaya ta soke ni. Ƙaya tsakanin kofato. Sartse ya karye. Ƙarangiya a kunne. Kada ka sa ni a magani, ban san na tari ba, ban san na sauro ba."

"Gimbiyar fa?"

"Manta da ita."

"Ba na mantuwa. Amma kada ki damu, ba mai tambayarta."

Ba a daɗe ba Gadu, wanda hancinsa ya zama kamar tulu saboda taɓon Dila, ya rutsa Dilan a gindin gawo. Dila ya zura da gudu, ya faɗa cikin sarƙaƙiyar bagaruwa, ya fito da ƙaya ta nutse masa a tafin ƙafa. Da ƙyar ya ja jiki zuwa mararraba.

Ya ce, "Aku, magani, maza."

"Dila, gindin gawo."

"Ciwo nake ji, tsohon banza."

"Ciwo? Dila, gindin gawo."

"Lafiya nake nema!"

"Dila, gindin gawo."

"Ai ni ne Dilan!"

"To ai ka iso."

Dila ya yi zagi har ya gaji, ƙafa kuwa sai zugi take. Daga ƙarshe ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da kowa ke faɗi, ƙaya ce ta soke shi. Aku ya ce Beguwa, kwarin marke, bayan dutse. Daga ranar kuma, saboda ƙarar Barewa da ta Gadu da ta wasu da suka biyo baya, Aku ya mai da sunan Dila can wutsiya a kowace kalma, inda ba mai jira ya ji.

Beguwa ta cire masa ƙayar. Barewa na kwance a tsakiyar tabarma tana kallonsa. Dila bai iya ɗaga ido ba, ya fita sumui-sumui, ko godiya bai yi ba.

Bayansa Zomo ya zo da ɗansa, Kurege ya zo, Gadu ma ya zo aka zaro masa sartsen. Kwarin marke ya zama wurin zuwa. Masu ciwo dai ba sa daɗewa, da an cire musu sai su yi godiya su kama gabansu, wasu ma har yanzu daga nesa-nesa suke miƙo ƙafa. Barewa ce kaɗai ta zauna, don ba ta iya kiwo mai nisa kuma.

Kullum da safe Beguwa takan fita shara, yanzu hanya cike da sawu iri-iri. A cikinsu akwai na kofato uku da wani dogon layi a ƙasa, inda ake jan ƙafa ta huɗun. In ta zo kansa sai ta tsaya da tsintsiya a hannu, ta daɗe tana kallo, har sai Barewa ta kira ta daga rumfa ta ce gwaza na hucewa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, yara, in kuna so a same ku, ku fara sauraron yadda mai nema yake faɗin buƙatarsa, ku kira aikinku da kalmominsa, ba da kirarin da ke yi muku daɗi ba. Haka abin yake ga duk wanda ya buɗe shafi a intanet yana jiran baƙi. Ya binciki abin da mutane ke rubutawa in suna nema, ya bar babbar kalmar da kowa ke turereniya a kanta, ya kama ƙananan da suka dace da abin da ya iya da gaske. Kada ya yi haɗamar Dila ya ɗauki abin da ba nasa ba, don waɗanda ya yaudara za su dawo su faɗa. Kada kuma ya yi jinkirin Beguwa, domin mai nemansa yana iya wucewa ta ƙofar gidansa da ciwo, bai san nan ne ba.