Wanzamin Bayan Ganuwa

A zamanin da, an yi wani sarki wanda babu abin da ke hana shi sukuni kamar ciwon agana. Duk bayan 'yan shekaru sai ta faɗo wa ƙasarsa ta ɗebi rayuka, waɗanda suka tsira kuwa ta bar musu zanzana a fuska. Sarki ya sa aka yi shela, duk wanda ya kamu a kai shi bukkokin bayan ganuwa.

A garin akwai wani wanzami, ana ce masa Nomau. Ya taɓa bin fatake wata ƙasa mai nisa, inda ya ga ana tsaga dantsen mai lafiya, a shafa masa ruwan ƙurjin wanda ciwonsa ya zo da sauƙi. Mutum ya yi 'yan kwanaki a kwance ya miƙe, agana ba ta ƙara taɓa shi. Nomau ya yi wa mutum goma sha uku, har da matarsa Tabawa. Sha biyu suka tashi. Tabawa ba ta tashi ba.

Sarkin Magani ya faɗi gaban sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan da hannunsa yake shuka cuta." Aka kori Nomau zuwa bukkokin, ya riƙa jinyar masu ciwo, tunda shi ya yi agana tun yana ƙarami, ba za ta sake kama shi ba.

Shekara tara yana can. Wanda ya warke ya koma gari ko waiwaye babu, wanda ya cika kuwa Nomau kaɗai zai yi masa sutura. In ciwo ya lafa, sai ya yi wata uku bai ji sallamar mutum ba. Kullum da hantsi yakan wasa askarsa ya mayar cikin zabira, alhali babu kan da zai aske.

A shekara ta goma agana ta dawo da ƙarfin da ba a taɓa gani ba. Ran nan Waziri Cindo ya shigo fada da mutum goma sha biyu, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ga tambaya. Agana ta shiga gidan kowane ɗayansu, ta kwantar da kowa, ta tsallake shi. Me ya haɗa su?"

Malamai suka ce laya. Sarkin Magani ya ce jiƙonsa ne. Waziri ya ce su naɗe hannun riga. Sai ga ɗan tabo iri ɗaya a kowane dantse, tabon askar Nomau.

Aka aika a zo da Nomau. Ya durƙusa daga nesa, murya a dishe saboda daɗewa bai yi magana ba.

Sarki ya ce, "Wanzami, maganinka ba ya kisa?"

"Yana yi, ranka ya daɗe. Cikin ɗari yakan ɗauki biyu. Agana takan ɗauki talatin."

"Waɗanne biyun?"

Nomau ya sunkuyar da kai. "Da na sani, da ban taɓa Tabawa ba."

Sai sarki ya ce, "Mun zalunce ka, mun janye hukuncinmu. Kada a tilasta wa kowa, amma a gaya wa kowa abin da ka gaya mini." Ya miƙa masa dantsensa.

Mutum dubu uku suka bi sahun sarki, aka rasa hamsin da takwas. Agana ta ja da baya, kasuwa ta ci, aka naɗa Nomau Sarkin Wanzamai.

Ranar naɗin bai tsaya sauraron makaɗa ba. Ya ɗauki sandarsa ya bi gidajen hamsin da takwas ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, yana ta'aziyya. Wasu suka shimfiɗa masa tabarma, wasu suka ƙi fitowa. Inda aka ƙi fitowa, sai ya zauna a ƙasa bakin zaure, ya yi wa mamacin addu'a, ya kakkaɓe rigarsa ya nufi gida na gaba.

Haka magabata suka ba mu labarinsa.