Kwaɗon da Ya Tare a Ƙoƙon Kan Kakansa

An yi wani Kwaɗo a tafkin Ruwan Gamji, ɗan ƙarami ne amma girman kansa ya fi ƙarfin jikinsa. Yana da ƙanwa, Kwaɗuwa, mai haƙuri da son zumunci. A tafkin kuma akwai wata tsohuwar Kififfiya, wadda ba ta ɓoye gaskiya ko da za a ji haushi.

Kullum Kwaɗo cikin ƙorafi yake. "Dubi kada, dubi dorina! Mu kuwa zalɓe ne ke karya kumallo da mu. Ashe danginmu ba su taɓa yin babba ba?"

Wata rana aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, gaɓar tafkin ta zabtare. Da ruwa ya ɗauke, sai ga wasu manyan ƙasusuwa manne a jikin gaɓar, sun daɗe a ƙasa har sun zama dutse. Kai ne faffaɗa kamar tabarma, da ramukan ido biyu a sama, ga gajerun ƙafafu huɗu da doguwar wutsiya.

Kwaɗi suka taru suna kallo. Kififfiya ta zagaya ƙasusuwan a hankali, ta ce, "Wannan ba kada ba ne. Ku dubi kansa, ku dubi naku. Ɗan uwan kakannin kakanninku ne. A ruwa ake haihuwar irinsu, su girma su hau tudu, kamar ku. Tun kafin a yi wannan tafki suka ƙare, ba wanda ya rage."

Kwaɗo ya ji ƙwalla ta cika masa ido. Ya shafa haƙorin dutsen, ya ce, "Kaka, ina ka shiga ka bar mu ƙanana haka?"

A ƙarƙashin ƙoƙon kan akwai wani rami. Kwaɗo ya shiga, ya yi kuka sau ɗaya. Sai muryarsa ta fito da ƙara kamar ganga, har zalɓe ya tashi a firgice.

"Kun ji?" in ji Kwaɗo. "Ni kaɗai ya zaɓa! Daga yau nan ne gidana. Kada wanda ya ƙara yi mini waƙa kusa, muryoyinku kamar kukan sauro."

Kwaɗuwa ta ce, "Haba Yaya, ai kakanmu ne duka."

"Naki? Dubi ƙafafunki kamar tsinke!"

Kififfiya ta ce, "Yaro, ramin ne ke da murya, ba kai ba. Kuma mai kan nan, da girmansa da haƙoransa, bai tsira ba."

"Hassada ce, Iya! Ke wa kika gada?"

Duk da haka Kwaɗuwa ba ta daina kawo masa gara da ƙwari ba. Ya ci, ya juya mata baya, ya ci gaba da hira da dutse. Yana tambayarsa yadda duniya take a zamaninsa, da irin kifin da yake haɗiyewa, da ko akwai wanda ya taɓa raina shi.

Rani ya shigo da zafi, tafki ya fara ƙafewa. Kififfiya ta tara kowa ta ce, "Bana ruwan nan ba zai kai mu ba. Akwai fadama a bayan tudu. Mu tashi tun ƙasa da sauran laima."

Kwaɗuwa ta ruga wurin yayanta. "Yaya, fito, tafiya za mu yi!"

"Jikan manya ba ya gudun rana."

"Don Allah, Yaya. Ba na son in tafi in bar ka."

"Ɓace mini da gani!" Ya daka mata tsawa ta cikin ramin har ta faɗi. Ta tashi, ta ajiye masa garar da ta kawo, ta bi sahun sauran tana waige.

Bayan kwana bakwai tafkin ya zama busasshen taɓo. Fatar Kwaɗo ta fara tsagewa. Ya ce, "Kaka, ina ruwa? Kaka, nuna mini hanya!" Dutse bai ce komai ba. Kwaɗo ya fito ya nemi sawun danginsa, iska ta shafe. Da ƙyar ya tona rami a taɓo ya binne kansa, ya kwanta har damina.

Da ruwa ya sauka, tafki ya cika, Kwaɗo ya fito a rame. Ya duba gabas, ya duba yamma, babu kowa. Fadama ta yi wa kwaɗi daɗi, ba su dawo ba, shi kuma bai san hanya ba, don ranar da Kififfiya ta kwatanta musu hanyar yana cikin rami.

Bai sake shiga ƙoƙon kan ba. Ya hau wani ɗan dutse a bakin ruwa, ya yi kira da 'yar muryarsa ta ainihi: "Ƙanwata! Ƙanwata!" Ya yi shiru yana saurare. Ya sake kira. An ce har ya tsufa, duk damina a nan ake ganinsa.

Darasin wannan labari shi ne, yana da kyau mutum ya san asalinsa ya kuma yi begen waɗanda suka wuce, amma girmansu ba nasa ba ne. Wanda ya wulaƙanta 'yan uwansa masu rai saboda alfahari da matattu, ranar da zai nemi mai amsa masa ba zai samu ba.