Nomau da Rumbun Iri

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunne. Ku ce ta zo mu ji ta. To, ta iso, sai ku gyara zama.

A wani ɗan ƙaramin gari ne damina ta yi rowa, abin da aka girbe bai taka kara ya karya ba. Sai dattawa suka ce, in aka bar kowa da irinsa a ɗaka, yunwa za ta sa a daka shi a sha, ruwa ya sauka babu abin shukawa. Sai aka ce kowane gida ya kawo geron irinsa a zuba a rumbu guda, a liƙe bakin da laka, ba mai buɗewa sai ruwan shuka ya sauka. Aka duba wanda za a ba amana, aka ba Nomau, don shi ko allura ya tsinta a hanya sai ya yi cigiya. Aka gina rumbun a bayan gidansa.

Rani ya yi nisa, yunwa ta kai inda ta kai. Ana nan sai matarsa Hansai ta haihu. Mai jego ba kunu, nono ya ƙi zuwa, jaririya ta yi kuka har muryarta ta dishe. Nomau ya yi yawon nema bai samo komai ba. A rana ta uku sai ya zagaya baya, ya fasa lakar, ya zaro zangarniya biyar, ya mayar ya liƙe. Aka dama kunun kanwa, nono ya zo, yarinya ta yi shiru. Washegari ma biyar. Daga biyar aka koma goma, daga goma aka koma runguma, don shi ma ai yana da ciki. Kafin a yi arba'in rumbu ya koma rabi.

Wata safiya sai ga Shamuwa ta sauka a kan kukar ƙofar gidansa. Ta ce, "Nomau, na baro ruwa a bayana. Kwana bakwai zai iso."

Nomau ya miƙe. Ya ɗauki hula ya nufi gidan mai gari zai faɗi gaskiya. A hanya sai ya yi kiciɓis da Gizo.

Gizo ya ce, "Ina zuwa da fuska kamar an yi maka rasuwa?"

Nomau ya kwashe duka ya gaya masa.

Gizo ya ce, "Kai dai ba ka da wayo. Mutum ya kai kansa? Zo mu je wurin Ɓera, a ce shi ya ci."

Suka je. Ɓera ya saurara, ya shafa gashin baki, ya ce, "Ni in na ci gero ina barin ƙaiƙayi da kashina a wurin. Wa ya taɓa ganin ɓera ya gama ci ya kwaɓa laka ya liƙe? Laifin da nake da shi a garin nan ya ishe ni, ba na neman ƙari."

Nomau ya koma gida yana juya maganar har kwana biyu suka wuce. Shamuwa ta ce, "Saura biyar."

Ya sake ɗaukar hula. Gizo ya sake tare shi, ya ce, "Ɓera matsoraci ne. Mu je wurin Gara."

Gara ta ce, "Ni daga ƙasa nake fara ci, naka daga sama ya ragu. Kuma ban ci ba, Nomau. Ka fi kowa sani."

Kunya ta kama shi, ya rasa inda zai sa kansa. Kwana biyu suka sake tafiya. Shamuwa ta ce, "Saura uku."

Wannan karon Gizo ne ya zo har gida, da taiki a kafaɗa. Ya ce, "Saura guda wadda ba ta musu, ita ce wuta. Yanzu rana ta take, kowa na inuwar ƙofar mai gari. Ka cinna, a ce gobara ce. Amma bari in fara ɗan rage na ciki, kada a yi asara."

Kun ji mugu. Shi dai taikinsa ya cika, gari ya mutu.

Nomau ya zaro itace mai wuta daga murhu ya zagaya baya. Sai ga Hansai ta biyo shi da goyo. Ta ce, "Maigida, na daɗe da sanin inda kunun nan yake fitowa. Tsoro ne ya hana ni magana. Abin da muka ci, yunwa ce ta sa. Wannan da ke hannunka fa, me za mu ce ya sa?"

Nomau ya tsaya. Ya san in ya cinna ba wanda zai zarge shi har abada. Ya kuma san zai fita ya ga gonakin gari fayau, ya ga maƙwabta suna ɗaure kaya suna barin gari, shi kaɗai ya san dalili, ya zauna da abin a ransa har ya mutu. Sai ya tura itacen cikin ƙasa ya murje shi. Gizo ya ga ba riba, ya naɗe taikinsa ya sulale.

Nomau bai ko ɗauki hula ba. Ya isa ƙofar mai gari, ya durƙusa a gaban jama'a, ya ce, "Ranka ya daɗe, amanar da kuka ba ni na ci rabinta. Ba ɓera ba ne, ba gara ba ce, ni ne da hannuna. Mai jego na ciyar, ni ma na ci. Ruwa saura kwana uku. A raba abin da ya rage ban da gidana, gonata ta kwana bana. Ni kuma zan bi gonakinku da fartanya har a yi girbi."

Maƙerin garin ya miƙe ya ce a kore shi yau ɗin nan. Sai wata tsohuwa, Goggo Delu, ta dogara sandarta ta tafi gida. Can sai ga ta da tukunya an liƙe bakinta. Ta dire ta ce, "Ranar da aka ce a kawo iri, ban kawo duka ba. Wannan na ƙarƙashin gadona. Tunda Nomau ya iya buɗe baki, ni me zan jira?"

Sai wani ya yi tari ya tashi. Sai wani ya bi bayansa. Maƙeri ya yi ta kallon ƙasa, daga ƙarshe ya je ya zaro damin da ya cusa a rufin ɗakinsa. Mai gari kansa ya ce bari ya ɗan shiga ciki, ya fito da ƙwarya cike yana kauda kai. Aka tara a tabarma aka auna. Bai kai na da ba, amma zai ishi kowace gona.

Mai gari ya ce, "Nomau, noman da ka ɗauka za ka yi shi, wannan ba a yafe ba. Amma gonarka ba za ta kwana ba. Miƙo hannu."

Nomau ya karɓi rabonsa, ya zauna a ƙasa yana kuka yana dariya. Tun ranar da ya fasa lakar nan bai ji numfashinsa ya sauka har ciki ba sai yau.

Ruwa ya sauka a ranarsa, gari ya yi shuka. Shekarar nan gadon bayan Nomau ya sha wuya a gonakin mutane, amma ya ci tuwonsa da daɗin rai.

To, kun ji. Wuya kan sa mutum ya yi ɓarna, wannan ba abin mamaki ba ne. In ka yi, ka ce ni ne tun da sauran abin gyarawa, kada ka ƙona rabin da ya rage don ɓoye rabin da ya tafi.

Ƙurunƙus, a nan ta tsaya.