Soron Da Laka Ta Ƙi Riƙewa

A zamanin da, a wata masarauta da ke zaune kan baƙar laka, an yi wani sarki da ya gina soro sau biyu, sau biyu yana tsagewa. Na biyun da ya rufta, da dogarai uku ya tafi. Waziri Tankarau, wanda ya tsaya kan aikin, ya faɗi ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ƙasar nan jini take nema. Sai an binne magini da rai a ƙarƙashin harsashi." Sarki ya ce a kawo Jatau, Sarkin Magina.

Da Jatau zai shigo, a hanya ya wuce ramin da aka haƙa, ya ga daidai tsawonsa ne. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, laka ba ta zama wuri ɗaya. Da damina ta kumbura, da rani ta dare har ƙafar jaki ta faɗa. Harsashi iri uku na gada. A ƙasa mai tauri, haƙar kamu biyu ta isa. A yashi, a shimfiɗa duwatsu da faɗi kamar tabarma. A laka kuwa, sai an wuce ta an taɓa marmara. Sau biyu na roƙa, Waziri ya ce haƙa ɓata lokaci ne."

Waziri ya ce, "Tsoron rami ne ke sa shi ƙarya."

Jatau ya san bakinsa ba zai rinjayi rawani ba. Sai ya ce, "To, a gina ɗaki biyu. Nawa a kan marmara, na Waziri kamu biyu, a yanka masa raguna iya son ransa. Kowa ya zauna a nasa har bayan damina. In nawa ya tsage, ramina yana nan."

Waziri ya buɗe baki, Sarki ya ce, "Ai jini ka ce. Za a ba ka."

Ruwa ya sauka. Kullum da safe Jatau sai ya bi bangonsa yana shafawa. Ran nan da hantsi, bayan kwana uku ana tafkawa, ya ji ƙas! Ya dudduba bango, sumul. Ashe ɗakin Waziri ne ya tsage, ƙofa ta cije. Sai ga ihunsa yana dukan ƙofa, yana rantsuwa shi ne ya hana haƙa, ya kuma ƙago zancen jini don rufa wa kansa asiri.

Sarki ya sa aka fito da shi, aka warware rawaninsa, aka miƙa masa diga, aka ce shi zai haƙa harsashin soro na uku, Jatau ke da ikon cewa ya isa.

Kwana goma sha tara Tankarau yana cikin rami, har aka daina hango kansa. Ya ɗago ya ce, "Sarkin Magina, don Allah, ya isa?"

Jatau ya leƙa, ya ce, "Da sauran laka."