Kujerar da Auta Ya Bayar

Akwai wani injiniya da 'yan gidansu ke kira Auta, yana aiki a wani kamfanin gine-gine a ƙasar waje, irin ƙasashen da sanyi ke daskarar da ruwa a cikin famfo. Mahaifinsa tsohon direban tirela ne. Da sitiyari ya ciyar da su har kowa ya zama mutum.

Da idon tsohon ya fara ba shi matsala, Auta ya aika masa biza da tikiti don ya zo a duba shi. Ranar ganin likita Auta yana da taro a ofis, sai matarsa ce ta raka surukinta, ta yi masa tafinta. Da suka dawo, Baba ya ce, "Maganin ɗigawa aka ba ni." Auta ya ce alhamdu lillahi, bai ƙara tambaya ba.

Wata rana suna falo, aka nuno a talabijin wani ƙaramin jirgi yana yawo da baƙi a saman duwatsun da dusar ƙanƙara ta lulluɓe. Baba ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

"Na hau duwatsu da mota har gwiwata ta gaji da taka kuloci," in ji shi, "amma ban taɓa ganin dutse ta sama ba. A jirgin da ya kawo ni ma tsakiya aka cusa ni, ƙeyar wani na yi ta kallo."

Auta ya yi dariya ya ce, "Baba, ka sa a ranka ka hau an gama." Ya kama kujera biyu, tasa da ta Baba, don matarsa na da tsohon ciki, ba za a bar ta ta hau ba.

To, a lokacin Auta yana neman ƙarin girma ido rufe. Da ya ji manajansa yana cewa shi ma yana sha'awar wurin, nan take ya gayyace shi. A ransa, in an je can ba za a rasa kujera ɗaya ba.

Suka kama hanya da safe, manaja a gaba, Baba da surukarsa a baya. An jibga wa tsoho riguna da hula da safar hannu har ya ce, "'Yata, kun naɗe ni kamar katifar sayarwa." Titi baƙi, hagu da dama fari fat. Baba yana ta goge raɓar taga da hannun riga, yana leƙe kamar yaro.

Duk tambayar da ya yi, Auta sai ya ce, "Baba, ina zuwa," ya ci gaba da hira da manaja cikin yaren da tsohon ba ya ji. Da Baba ya nemi a tsaya ya kama ruwa a karo na biyu, Auta ya ja tsaki a hankali. Tsohon ya ji. Bai sake nema ba.

A filin jirgin, matar da ke kan tebur ta ce babu ragowar kujera ko ɗaya, kuma daga gobe za a rufe saboda iska.

Auta ya ja mahaifinsa gefe. "Baba, ka yi haƙuri ka bar wa oga taka. Aikina ne a hannunsa. Baɗi zan dawo da kai, mu biyu kawai."

Matarsa ta ce, "Haba! Ka ba shi taka mana, su hau da Baba."

"Da wane yare za su yi hira? Ki bari, ba ki san sha'anin ofis ba."

"Akwai abin da ba ka sani ba, likita ya..."

"'Yata," in ji Baba, ya ɗaga mata hannu.  Ya juya ga ɗansa. "Je ka. Ai ga duwatsun can, ina hango su."

Suka tashi suka bar shi a bakin shinge, ya ɗaga kai sama yana bin ƙarar jirgin, don jirgin kansa ya riga ya ɓace masa.

Manaja kuwa, tun da jirgi ya fara tangal-tangal ya runtse ido. Auta ya ƙare tafiyar riƙe masa ledar amai yana shafa masa baya.

Bayan sun koma gida, matar ta kasa riƙewa. Ta ce likita ya ce jijiyar idon ta riga ta lalace, ɗan ganin da ya rage ba zai kai baɗi ba. Baba ne ya roƙe ta ta rufa, wai kada a ɗaga wa Auta hankali a wurin aiki.

Auta ya yi ta buga waya yana neman jirgi. Ko'ina amsa ɗaya: sai iska ta lafa. Kafin ta lafa, bizar Baba ta ƙare, ya koma gida. Ƙarin girman kuma wani aka bai wa. Manaja ko zancen tafiyar bai sake yi ba.

Da Auta ya je gida hutu, ya tarar da tsohon zaune a ƙofar ɗaki, ana ja masa hannu zuwa ban ɗaki. Baba ya lalubo fuskarsa ya sa masa albarka, sannan ya ce, "Zauna. Tun ranar nake so in tambaye ka, ban samu sarari ba. Yaya duwatsun suke ta sama?"

 Auta shi ma bai kalla ba.

"Farare ne, Baba."

Tsohon ya jira ko da ƙari. Sannan ya gyaɗa kai.

"Wannan ai daga ƙasa ma na gani."

Darasi: Kada ka ɗauki haƙurin iyayenka ka biya wa wani buƙata da shi. Ba su yi ƙorafi ba, amma ba yana nufin bai yi musu ciwo ba, kuma "baɗi" ba a hannunka take ba. Abin da za ka yi musu, yi shi yau, tun suna gani, suna ji. Ku tura wa duk wanda mahaifansa ke raye.