Jajayen Tsakuwoyi a Tulun Tanimu

A zamanin da, tun kakannin kakanninmu ba su san damansu da hagunsu ba, an yi wani sarki mai ƙasashe uku a ƙarƙashinsa: Bakin Gulbi ta masunta, Kan Dutse ta manoma, da Zango ta fatake. Adali ne, sai dai Allah ya yi shi da gaggawa. Abin da ya raya a ransa da safe, so yake ya gan shi kafin azahar.

Wata rana ya ce da Wazirinsa Bagudu, "Ina so in san ƙasar da ta fi yawan masu laifi. Hakimin da aka samu tasa ce, a bakin rawaninsa."

Aka aika wa kowane hakimi da tulu, aka yi shela cewa duk mai kawo ƙara ya tsinto tsakuwa daga ƙofar gidansa ya jefa a ciki.

Da shekara ta zagayo aka kawo tulunan fada. Na Gagare, hakimin Kan Dutse, da hannu ɗaya aka ɗauko shi, aka girgiza, shiru kake ji. Na Makau, hakimin Bakin Gulbi, ya kai rabi. Na Tanimu na Zango kuwa, ƙarti biyu suka shigo da shi suna nishi. Tanimu dattijo ne, shekara talatin yana riƙe da Zango, ya duƙa yana ta gumi, abin tausayi.

Sarki ya ce, "Magana ta ƙare. A tuɓe shi."

Waziri ya faɗi ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a bar ni in yi musu tambaya biyu. Matafiyi ne yunwa ta kama, ya shiga gonar wani ya toni rogo ya ci. Mene ne hukuncinsa?"

Tanimu ya ce, "Ɓarawo ne."

Makau ya ce, "A wurinmu ci a gona ba sata ba ne, in dai bai kai gida ba. Mai gonar da ya kore shi, shi ake kai wa alƙali."

Sarki ya ce, "Wato ɓarawon Zango, in ya je Gulbi shi ne mai ƙara?"

Makau ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

Waziri ya ce, "Mutum goma sun saci sa ɗaya. Tsakuwa nawa?"

Makau ya ce ɗaya, tunda sa ɗaya ne. Tanimu ya ce goma, kowane ɓarawo da tasa. Makau ya ƙara da cewa ai yawancin tsakuwoyin tulunsa ma na ƙarar waɗanda suka tsallake komar kamun kifin wani ne, don hakan na korar kifi. Tanimu ya rantse bai taɓa jin wannan laifi ba.

Kan Sarki ya ɗaure tam. Ya dubi wannan tulu, ya dubi wancan, ya rasa ta inda zai kama. Fadawan nan da suka saba cewa "gaskiya ne" suka yi tsuru-tsuru, don ba su san wa za su gaskata ba.

Gagare ya gyara zama ya ce, "Mu dai, ko da wane mudu aka auna, tulunmu wayam."

Sarki ya ce, "To ga wanda na gane. Kuma ko yaya aka juya, na Tanimu ne ya cika."

Waziri ya ce, "Alfarma ɗaya ta rage. A fasa tulun nasa."

Aka fasa. Tsakuwa ta watsu a kan shimfiɗa, fara da ja a gauraye, jar ma kamar ta fi yawa. Kowa kuwa ya san ƙasar Zango farin yashi ce, jan dutse sai Kan Dutse.

Sarki ya ce, "Tanimu, ina ka samo waɗannan?"

Tanimu ya ce, "Masu su suka kawo, ranka ya daɗe. Tun da aka yi shela, duk wanda ya doshi tulun Kan Dutse bulala yake sha, wai zai ɓata sunan ƙasa. Sai su ƙulle tsakuwarsu a bakin zane su yi tafiyar kwana biyar zuwa wurina. Akwai tsohuwar da aka ƙwace wa gona, da ƙafa ta zo. Na san rawanina nake jefawa a tulun nan, amma na kasa ce mata ta koma."

Kunya ta kama Sarki, don ya ga shelarsa ce ta jawo wa talakawa bulala. Nan take ya sa aka warware rawanin Gagare, aka mayar wa tsohuwa gonarta, aka soke dokar tulu.

Sa'an nan ya ce, "To Waziri, wace ƙasa ce ta fi laifi?"

Waziri ya ce, "Wallahi ban sani ba, yau ma na fi bara rashin sani. Abin da na gano kawai shi ne inda mai kuka ke samun mai saurarensa."

Aka sallami kowa, amma Tanimu bai tashi ba. Ya durƙusa yana tsintar jajayen tsakuwoyi yana zubawa a aljihun rigarsa. Sarki ya tambaye shi me zai yi da su.

Ya ce, "Goma sha ɗaya a cikinsu ba a yanke musu hukunci ba tukuna, ranka ya daɗe. Masu su na can ƙofar gidana suna jira."